Waƙar da Ba Ta Zuwa a Zaune

A ofis Sarkin Tambaya ake ce masa, domin aikinsa ke nan: bin tsofaffin mutanen kan dutse da rikoda, yana tatsar waƙoƙi da tatsuniyoyi kafin ƙasa ta rufe masu su. Da ma can ba ya iya zama wuri ɗaya, a 'yan kwanakin nan kuwa abin ya yi gaba. Waƙa ɗaya ce ta hana shi sukuni, wadda mata ke yi in suna hawan dutse da tulun ruwa. Tun da aka kai famfo sama aka daina ta. Goggonsa kaɗai ta rage da ita a ka, ga shi ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

Ya ɗauko ta a mota, ya zaunar da ita a ɗakin naɗar murya, ya kashe fanka, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Goggo ta buɗe baki, ta rufe. Ya gyara makirufo, ya leƙa taga, ya dawo ya sake gyara makirufon da babu abin da ya same shi.

Ta ce, "Kai ɗan nan, zauna mana, kana sa ni jiri."

"Goggo, ko baiti ɗaya."

"Ba ta zuwa a zaune. Ƙafa ke jawo ta, numfashi ya yanka ta. Ni ban taɓa yin ta a kan kujera ba."

Haushi ya kama shi, tsoron kada waƙar ta bi ta kabari ya biyo baya. Ya fita yana kai da kawowa a baranda, har idonsa ya faɗa kan matakalar bene. Ya dawo da sauri, ya rataya rikoda a wuya, ya durƙusa ya ba ta baya.

"Hau."

"Ka haukace? Da furfurarka?"

Amma fa ta hau. Hawa na farko shiru, sai ma'aikata da ke leƙowa suna ƙunshe dariya. Da ya fara haki, sai ga siririyar murya daidai kunnensa, tana bin takunsa, tana tsayawa duk inda ya ja numfashi. Daɗi kamar ya yi kuka, bai ankara ba sai ga su a gaban ƙofar rufin bene, an garƙame ta da kwaɗo. Goggo ta yi tsit.

"Ci gaba, don Allah!"

"Ina hanyar? Dutsen naku ya ƙare."

"To mu sauka, ki ɗora daga inda kika tsaya."

"Ba a ɗora ta. Daga gindin dutse ake farawa, a dire a ƙofar gida. Ko rabi ba mu yi ba."

Ya san dutsen nan sarai, ko hannu rabbana ya hau shi sai ya huta a hanya.

Da ƙyar ya ce, "Goggo, gobe za ki iya tafiya can?"

"Ni ai a goye nake. Kai za a tambaya."