Hannun Daman Bappa Bobboyi

Shekara goma Bappa Bobboyi bai ci abinci a gaban mutane ba. Tela ne a Mubi kafin 'yan ta'adda su shiga garin. A hanyar gudu harsashi ya farfasa masa hannun dama, da suka iso Yola likita ya yanke shi daga ƙasan gwiwar hannu. Ƙanensa ya ba shi ɗaki a gidansa da ke Adarawo. Tun daga lokacin, idan an sauke tukunya, matar Bappa, Goggo Azumi, takan kai masa kwanonsa ɗaki, ya tura ƙofa, ya ci da hagu. Mazan unguwa suna zaure suna haɗa kwano, shi yana ciki. Liman ya gaya masa lalura ce, babu laifi a kansa. Ya ce ya ji, amma bai fito ba. Fatawar ta sauke masa laifi, ba ta sauke masa kunya ba.

Asta, 'yar ƙanen nasa, ta tashi tana ganin wannan ƙofar a rufe. Tana babbar sakandare a Jimeta lokacin da malamin kimiyya, Malam Hosea, ya sanar da gasar ƙere-ƙere ta makarantun jiha. Yawancin ɗalibai suka zaɓi abin da za a gama cikin kwana uku a manna masa takarda mai kyalli. Asta ta ce ita hannu za ta ƙera, wanda mutum zai ɗaura ya riƙe cokali. Ƙawarta Zipporah, 'yar unguwar Alkalawa, wadda ta iya haɗa waya da dalma fiye da mazan ajin, ta ce tana ciki.

Ba su da kayan kanti. Bututun roba na masu gyaran famfo suka yanka suka yi tafi da yatsu. Wayar birkin keke ta zama jijiya. Wani makaniki ya ba su tsohon injin goge gilashin mota, shi ne zai ja jijiyoyin, batirin babur kuma ya ba shi wuta. Dabarar da ta fi kowacce ita ce ta Asta: ta samo fedar keken ɗinki na lantarki, ta ce da ƙafa za a sarrafa hannun. A taka, yatsu su rufe. A ɗaga, su buɗe.

"Ƙafar Bappa ta yi shekara ashirin a kan feda," in ji ta. "Ba sai an koya mata ba."

Mako shida suka yi, kullum bayan an tashi daga makaranta. Yatsun sun karye sau uku. Dalma ta ƙona Zipporah a yatsa, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Masu cewa yaran yanzu ba su iya komai ba sai latsa waya, yawancinsu ba su taɓa leƙa ɗakin da yaran ke aiki ba.

Abu mafi wuya ba ƙirar ba ce, shawo kan Bappa ne. Asta ta yi ta durƙusawa a bakin ƙofarsa har ya yarda cewa ranar gasar zai je da kansa ya ɗaura hannun a gaban jama'a.

Ranar Laraba, saura kwana uku, hannun ya yi aiki. Ya ɗauki kofi, ya ɗauki cokali, ya ɗauki ƙwai bai fasa ba. Malam Hosea ya tafa har sau biyu. Suka naɗe shi a zani, suka hau Keke Napep zuwa Adarawo.

Bappa ya juya shi a kan cinyarsa, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya zana wannan?"

"Ni ce, Baba," in ji Zipporah.

"Yaya kika yi?"

"Na ɗora hannuna a kan kwali, na bi gefensa da biro."

"Da wane hannu kika riƙe biron?"

Zipporah ta dubi hannunta na dama, ta dubi na hagu, ta dubi abin da ke cinyar Bappa. Babban yatsansa yana ɓangaren da bai kamata ba. Mako shida, su biyu da malaminsu, babu wanda ya lura.

"Na hagu ai ina da shi, 'ya'yana," in ji Bappa a hankali. "Kun ƙaro mini na biyu."

Goggo Azumi ta fashe da dariya, sai ta ga fuskar Asta, ta rufe baki da mayafi.

Washegari Malam Hosea ya ce kada su taɓa shi. "Alƙalan gasa babu ruwansu da hagu ko dama. Ku ajiye shi a kan tebur ya ɗauki ƙwai, ku karɓi kofin gasar. Bayan gasa sai ku gyara wa Baba a natse. Idan kuka kwance shi yau, ban ce zai tashi ranar Asabar ba."

Maganarsa gaskiya ce, kuma ba don mugunta ya faɗa ba.

"Malam," in ji Asta, "shekara goma bai yarda ya fita da dungun hannunsa a buɗe ba. Yanzu ya yarda. Idan na ce masa ya zauna a gida sai mun ci kofi, zai gane abin da na sa a gaba. Ba zai sake yarda ba."

Malam Hosea ya juya ga Zipporah. "Ke fa? Wahalarki ce a ciki."

Zipporah ta riga ta ɗauki sukudireba. "Ni na yi shirmen, ni zan kwance. Asta, kawo hannunki in zana."

"Na dama fa, injiniya."

"Rufe mini baki. Ke da kika yi mako shida kina shafa shi kamar jariri, me kika gani?"

Alhamis da Juma'a suka yanka sabon tafi, suka huda sababbin ramuka, suka sake bin jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Wayar babban yatsa ta gaza tsawo, babu wata, suka yi mata ƙari da guntu. Yatsu huɗu suna kamawa da ƙarfi. Babban yatsan kuwa sai ya yi jinkiri kafin ya iso.

Ranar Asabar Bappa ya shigo zauren gasar da babbar riga. Ya zauna a kujera, ya naɗe hannun rigar da kansa a gaban ɗaruruwan mutane, Asta ta ɗaura masa hannun da maɗauri. Ya taka feda. Injin ya yi ƙara, yatsu suka rufe a kan kofin ruwa. Ya ɗaga. Babban yatsan ya makara, kofin ya karkace, ruwan ya zube masa a riga. Wasu yara a baya suka yi dariya. Bappa bai sunkuyar da kai ba.

"Ba ni cokalin," ya ce.

Cokalin ya zauna daram. Ya kai shi baki ya dawo da shi, sau uku.

Na biyar suka zo. Wata makaranta daga Girei ce ta ɗauki kofin gasar da injin ban-ruwa, kuma ta cancanta. A hanyar fita Malam Hosea ya ce da tsohon hannun ne da sun yi na ɗaya ko na biyu. Wataƙila haka ne. Yabon wanda ya ci kofi ba shi da wuya, kowa ya iya. Yaran da suka kwance abin da zai kawo musu kofi da hannunsu, suna sane, su ne ba a cika samu ba.

Ranar Lahadi bayan azahar Goggo Azumi ta ɗauko kwanon shinkafa da wake ta nufi ɗaki, kamar kullum.

"Kai zaure," in ji Bappa.

Ta tsaya. Ya maimaita.

Maza biyar ne a kan tabarma. Suka matsa suka ba shi wuri. Ya ajiye batirin a gefensa, ya sa feda a ƙarƙashin diddige, ya yi bismilla. Rabin cokalin farko ya zube a tabarma. Na biyu ya isa baki.

Malam Suhaib, maƙwabcinsu, ya kasa haƙuri. "Bobboyi, wannan hannun naka fetur yake sha ko caji?"

"Caji. Kai dai janye naka daga kan naman nan, na gan ka."

Zauren ya kaure da dariya. Asta tana bayan ƙofa, ta jingina goshi da bango.

"Asta!" Bappa ya ɗaga murya, bakinsa cike. "Babban yatsan nan malalaci ne. Gobe ki zo mini da ƙawarki, da sukudirebarta."