Sawun Bidi a Ƙofar Baba Rabo

"Ku fid da ni zaure," in ji Baba Rabo. "Na ji kofato a ƙofar gida."

Goggo Baraka, matarsa, ta ce ba inda za shi, mutumin da kwana tara ko kunu ba ya wuce maƙogwaronsa. Ya ce ai ba da maƙogwaro ake duba doki ba. Haka muka kinkime shi da gadon karansa, ni da maƙwabta biyu, muka ajiye a bakin zaure.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Sheme. Shekara arba'in duk mai sayen doki daga Faskari har Ƙanƙara sai ya biyo ta wurinsa, ko bayan da ya makance ba a fasa ba. Ni kuwa audugar shekara biyu na tara don in mallaki doki, na aika wa Ɗanliti dillali ya kawo mini. Sai ga shi ya iso a safiyar da Baba ya kira ni ya ce jikinsa ya gaya masa ba zai kwana ba, yana son ya ji muryar ɗansa Lawwali, mai ɗinki a Yankara. An kwana ana ruwa, an rufe hanyar mota, rafi ya kawo. Duk dokin da na saya, shi zai je ya dawo da mu biyu a bayansa kafin rana ta faɗi.

Ɗanliti ya jawo na farko, fari tas, ya lanƙwasa wuya yana taka ƙasa ɗai-ɗai. Nan take zuciyata ta tafi. Baba ya sa aka share jiƙaƙƙiyar ƙasar ƙofar gida aka lallaɓe ta, aka bi da dokin ta kai. Ya zuro hannu daga gado ya lalubi sawun, sannan aka matso masa da dabbar ya shafa ƙirji, gadon baya, har zuwa kofato.

"Wanga na rawa ne," ya ce. "Baya dogo, ƙafa tsaye kamar taɓarya. Ranar buki ka hau shi a yi maka guɗa. Amma ka ɗora mashi mutum biyu, kafin rafi kuna ƙasa kuna salati."

Aka kawo na biyu, baƙi mai dogayen ƙafafu. Baba ya shafa cinyarsa ya yi murmushi, ya ce na sukuwa ne, daga nan zuwa kukar kasuwa ko iska ba ta kama shi, daga kukar kuwa sai dai mai shi ya goyo shi gida. Mutanen da suka taru suka bushe da dariya. Ni ban yi ba, don rana na ta hawa.

Ɗanliti ya ce iyakar abin da ya zo da shi ke nan.

"Kofato goma sha biyu na ji," in ji Baba. "Takwas ka nuna mani."

Ɗanliti ya hau sosa ƙeya. Ashe dokin hawansa ya ɗaure can bayan tsamiya. Ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, gajere ne, kunnensa ma a tsage, kunya zai ji ya nuna shi.

"Ɗanliti, wa ya koya maka buɗe bakin doki?" in ji Baba.

Sai Ɗanliti ya je ya kwanto shi. Bidi ne mai launin toka, ba abin kallo a jikinsa. Aka sake lallaɓe ƙasa, aka bi da shi. Baba ya daɗe yana lalube. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙasa, ya nuna mini yadda ƙafar baya ta wuce sawun ta gaba da yatsa uku, kowane taku daidai da ɗan'uwansa. Ya ce baya gajere, ƙirji da faɗi, kofato baƙi mai tauri, wannan cinye hanya yake yi.

Na ce ni fa Baba, na so dokin da za a kalla.

"Kai kanka wa ke kallonka, Gide?"

Har Goggo muka jiyo dariyarta daga bayan ƙyaure. Ɗanliti ya miƙo mini ragama, ya ce an yi masa fashi da rana tsaka, mai fashin kuma yana kwance. Muka tafa, aka yi albarka.

Bidi ya shiga rafi ruwa har ƙirji bai ko tsaya shawara ba. Ya bi tsakuwa, ya bi laka, taku ɗaya ba sauyi. Ana kiran azahar na tarar da Lawwali a rumfarsa, ya bar allura a jikin riga ya haye bayana. A dawowa rafin ya ƙaru, ruwa ya taɓa likkafa, Lawwali ya riƙe ni yana ta addu'a. Muka haye.

La'asar sakaliya muka shigo Sheme. Baba yana nan bakin zaure, ya ƙi a mayar da shi ɗaki. Tun daga nesa, in ji maƙwabta, ya ɗaga yatsa ya ce ga su nan, su biyu, kuma dokin bai ɗingisa ba.

Lawwali ya durƙusa ya kama hannunsa na dama. Baba ya ce, "Ka zo, tela." Ya miƙa na hagu ya ce a matso da dokin. Ya shafa ƙafar gaba daga gwiwa zuwa ƙasa, ya ce jijiya da sanyinta, in ba shi dusa da 'yar kanwa, kada in shayar da shi sai gumi ya bushe. Sannan ya juya ga ɗansa suka yi 'yar maganarsu ƙasa-ƙasa. Ana alwalar magariba ya yi kalmar shahada ya cika.

Da safe bayan mun dawo daga kai shi, ƙofar gida ta cika da masu gaisuwa. Na ga ana kewaye wani kwando da Goggo ta kife a ƙasa, ta ɗora masa dutse. Na ɗaga gefensa. Sawun kofato biyu ne, na baya ya wuce na gaba, ga shatar yatsu uku a tsakaninsu, ƙasar ta fara bushewa.