Dabinon Safara'u

Shekara talatin da ɗaya na yi ban ga Dutse ba. Ina 'yar shekara tara mahara suka ɗauke ni a bakin gona, suka yi kudu da ni, suka ƙara mini tsaga a kan ta gidanmu. Sai da Nasara suka ci Kano, hanya ta buɗe, ubangidana kuma ya mutu, sannan na biyo ayarin fatake. Ba gado na zo nema ba. So nake wani ya dube ni ya ce, "Safara'u, ke ce?"

Ranar kasuwa muka shigo, da hantsi. Na tambayi gidan Malam Falalu a unguwar Limawa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na same shi a zaure a kan buzu yana jan carbi, gemu ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Baƙuwa, daga ina?"

Na ce, "Yaya, ni ce Safara'u."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Na tuna masa tabon da ke ƙafarsa ta hagu, ranar da ya faɗo daga dabinon bayan gida saboda na dame shi da kuka. Sai ya ja bakin riga ya rufe ƙafar. A nan na san ya gane ni sarai.

Ya ce, "Safara'u ta rasu. An yi mata sadakar uku, an yi ta arba'in." Ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Kubura, ga baƙuwa. A ba ta ruwa, a kai ta ta ga gari."

Ni za a nuna wa Dutse! Raina ya ɓaci, amma na bi ta. Kubura ba ta san komai ba, ga ta da surutu kamar an biya ta. Ta kai ni unguwar Garu, ta nuna mini duwatsun da suka hau kan juna, tana cewa ba irinsu ko a Kano. Ta nuna mini marina, ta ratsa da ni layin masu dabino da na masu nono, har ta sa na ɗanɗana furar garin. Na ce da daɗi. Ta nuna mini kogon da mutane ke ɓuya a zamanin hari. Na san shi. Shi na nufa da gudu ranar da ƙafata ta gaza.

Da muka zagayo bayan gida, sai ga dabinon. Ya yi tsawo, ya ɗan karkata gabas, nonnansa sun yi nauyi.

Kubura ta ce, "Wannan surukata ce ta dasa wa 'yarta, cibiyar yarinyar tana ƙarƙashinsa. Har ta koma ga Allah ba ta yarda an ce na wani ba ne, wai mai shi za ta dawo. Da aka zo rabon gado alƙali ya ce ba a raba kayan wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba. Sai Malam ya dafa Alƙur'ani ya ce da idonsa ya ga gawarta."

Na ce, "Aka yarda?"

"Haba, baƙuwa! Malam fa? Har daga Kiyawa ake zuwa a sa shi shaida."

Sai na gane. In ina raye, rantsuwarsa ƙarya ce, kuma duk garin zai ji. Na dafa itacen na daɗe. Kubura ta zaci gajiya ce.

Bayan la'asar muka koma zaure. Malam ya riga ya sa an ɗaure dabino a ƙaramin sanho, an ajiye a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ga tsaraba. Na ji ayarinku da safe zai tashi."

Wa ya taɓa ba 'yar gida tsaraba? Baƙo ake ba, shi ma sai in zai tafi. Na jira Kubura ta shige ciki, na matso.

Na ce, "Yaya, ka riƙe itacen, ba na so. Ba zan faɗa wa kowa ba. Ka kira sunana sau ɗaya kawai, ko a hankali ne."

Ya dubi ƙasa. Leɓensa ya motsa, har na sa rai.

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, baƙuwa."

Na ɗauki sanhon, tunda nawa ne. Washegari da muka bar duwatsun a baya na ci ƙwaya ɗaya. Zaƙinsa yana nan yadda na san shi, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Sauran na raba wa fatake, na ce sadaka ce.

Madugu ya ce, "Ta wa, Iya, mu yi masa addu'a?"

Na ce, "Ta wata Safara'u ce. Jiya da la'asar ta rasu a Limawa."