Rabon Ilu

Ina suyar gyaɗa Jimoh ya yi sallama, ran wata Lahadi. Na zaci karta ta kawo shi da wuri. Sai ya tsaya a bakin zaure ya ce motar goro ta faɗi a hanyar Zariya, mijina Ilu yana ciki. Gyaɗar nan ƙonewa ta yi.

Duk Lahadi bayan la'asar su uku suke zama a zaurenmu na Fagge: Ilu, da Jimoh tela, da Boniface ɗan reluwe daga Sabon Gari. Gyaɗata suke zubawa a tsakiya, ba kuɗi ba. Ƙa'idarsu, wanda ke rabon karta shi ke kafa dokar wasan, kuma ba a tsallake rabon kowa. Ni daga tsakar gida nake jin su. Ba mu haihu ba, hayaniyar nan ita ce yaran gidana.

Da na fita takaba suka zo gaisuwa. Ina bayan asabari, kartar na cikin gwangwaninta.

"Hajo, mun daina," in ji Jimoh. "Rabon Ilu ne ya rage. Wa zai tsallake shi?"

In suka tafi, zauren nan ya mutu ke nan.

Na ce, "Baba Jimoh, miƙo gwangwanin. Ni zan raba masa."

"Kin san dokarsa?"

"Shekara nawa ina ji? Wanda ya sha kaye shi ke kwashe gyaɗar."

Jimoh ya tuntsire da dariya, ya nuna Boniface. "Saboda wannan ragon ya ƙirƙiro ta! Kullum a cinye shi, ya yi fushi, ya ce ba zai sake zuwa ba."

"Ni?" in ji Boniface. "Ce mini ya yi haka 'yan Ikko ke bugawa!"

Na tura musu katunan ta ƙarƙashin asabari, ɗaya bayan ɗaya. Boniface ya sha kaye, ya cika aljihu. Rabo ya koma hannun Jimoh, suka ci gaba da zuwa har reluwe ta mayar da Boniface Inugu.

Kartar tana wurina. Kullum in na idar da la'asar sai na fito da ita, na cakuɗa, na mayar cikin gwangwani.