Layar da aka tsinta a rigar Gide

Shekarar da kuɗi suka zubo ƙasar nan kamar ruwan marka, wadda kowa ke cire jinkar ɗakinsa yana buga kwano, ita ce shekarar da Gide ya bar Mabai ya kama tuƙin tirela. Siminti yake ɗaukowa daga Ikko, ya sauke a Funtuwa, ya juya. Sai ya yi wata uku ba a ga ƙeyarsa ba. Gida ya rage daga tsohuwarsa, wadda kowa ke kira Dada, sai matarsa Asma'u, mutuniyar Ruwan Godiya, wadda ba ta fi shekara guda da tarewa ba.

To, Gide ɗan fari ne. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Tunda Dada ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "mutumin Ikko". Kunyar nan kuwa har matarsa ta shafa. Asma'u takan durƙusa daga nesa ta gaida ita, kai a sunkuye, Dada ta amsa tana kallon wani wuri. In akwai magana, sai a bi da ita ta bakin Goggo Talatu, ƙawar Dada tun suna tallar ƙuli, wadda zana ɗaya ta raba gidajensu. Amma fa Dada na son yarinyar nan. In ta ji tana tari da safe, sai a ga citta da kanumfari a bakin ƙofarta, ba a san wanda ya ajiye ba.

Uban Asma'u mai lambu ne, kuma cikin kayan da ta taho da su har da dashen lemun tsami guda uku a gwangwanin madara. Ta dasa su a bayan ɗakinta, ta kewaye da ƙaya saboda awaki, tana ba su ruwan wanke-wanke. Da damina ta kama suka yi toho, sai tsutsa ta zo. Irin tsutsar lemon nan ce, wadda in tana ƙarama sai ka rantse kashin tsuntsu ne, baƙi da ratsin fari. In ta girma sai ta koma koriya shar, ta yi kaurin ɗan yatsa, in ka taɓa ta ta fiddo wasu ƙahoni biyu masu warin ɓawon lemo. Daga nan sai ta daina ci, ta nemi wuri ta maƙale, ta zagaya ƙugunta da wani siririn zare na jikinta, ta ƙame ƙam kamar ba rai. Bayan kamar mako biyu sai malam-buɗe-littafi ya fito.

Asma'u ta san duk wannan tun tana bin ubanta lambu, don shi kullum yakan bar wa tsutsa bishiya guda, ya ce ita ma da rabonta. Amma dashe uku ba za su ɗauki rabon kowa ba. Sai ta tsince su guda bakwai, ta zuba a kwando, ta rufe da yankin tsohon gidan sauro, ta tura bayan gado. Kullum da hantsi ta tsinko ganye daga dashen da ya fi girma ta zuba masu. Mutum in yana zaune shi kaɗai, ko da bango ma sai ya yi hira, to ita da su take yi. "Ku ci ku ƙoshi," take ce masu a hankali, "in lokaci ya yi ba inda za ku sai wurina." Ba ta gaya wa kowa ba. Matar aure da kiwon tsutsa? Ai sai a yi da ita a bakin rijiya.

Gidan sauron nan yana da 'yar huda. Wata rana ta ƙirga ta ga shida. Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba bayan kwalla, babu. Ta haƙura ta ce ƙila ƙadangare ya samu rabonsa.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa Gide zai zo gida Sallah. Asma'u ta sauko da babbar rigarsa daga ƙusar da take rataye a jikin bango, ta shanya a igiya don ta sha iska, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Hadari ya taso. Dada ta fito da sauri ta kwashe shanya. Idonta ya fara yana, ba ta ganin ƙananan abubuwa, amma yatsunta ba abin da ke wuce su. Tana ninke rigar sai ta ji wani abu ta ciki, daidai wuya: ɗan ƙarami, mai tauri, mai kusurwa, an kuma ɗaure tsakiyarsa da zare a jikin rigar.

Ta sa gefen zaninta ta ɓanɓare shi, ta leƙa ta kan zana.

"Talatu! Zo ki gane mani wani abu."

Goggo Talatu ta zagayo, ta kai abin kusa da hanci, ta nesanta shi, don nata idon ma ba gwanin kyau ba ne. Ta dafe ƙirji.

"Laya ce. Ina kika samo ta?"

"A rigar mutumin Ikko."

"Wane mutumin Ikko? Ki ce Gide mana, ba wanda zai ci ki tara. Wa ke ajiye rigar?"

Dada ta dubi ƙofar ɗakin Asma'u.

"To kin gani. Mallaka ce, uwar Gide. Ni dama na yi mamaki. Zuwansa na baya ita ya sawo mata rediyo mai jaka, ke ya sawo maki buta."

"Butar ni na ce ina so."

"Haka ake sa mutum ya ce. Kuma ba ke kika ce mani kina jin ta tana raɗa ita kaɗai a ɗaki ba? Tana tsinkar ganye tana shiga da shi? Me take cewa?"

Dada ta sadda kai. "Wai ba inda za a je sai wurinta."

Goggo Talatu ta tafa hannu. "Shike nan! Me kuma ya saura?"

Ta zayyana yadda za a yi. Ba a kwance irin wannan, ba a taɓa shi da hannu tsirara, ba a ƙona shi sai mai sani ya karanta a kansa. Malam Nata'ala na Ƙanƙara shi ne gwanin karya irin wannan, sai dai ya tafi Sabuwa ta'aziyya, sai bayan kwana goma. Kafin nan a sa abin a ƙwarya, a rufe da faifai, a ɗora bisa bango. Sannan kada Dada ta ƙara cin abin da ya fito daga tukunyar Asma'u. In Malam ya tabbatar, kafin Gide ya iso an mai da yarinya gidan ubanta.

"Da dai an tambaye ta," in ji Dada.

"To tambaye ta mana. Buɗe baki ki ce, ke matar ɗana na fari, me kika ɗaura mashi a wuya?"

Dada ba ta iya. Goggo Talatu kuwa ta ce ita ba ta tambayar mai asiri, kada a juyo da abin kanta.

Ran nan akushin tuwo ya je ɗakin Dada ya dawo yadda ya je. Washegari ma haka. Asma'u ta ce ƙila miyar kuka ce ta gundure ta, ta yi ta kuɓewa ɗanya. Akushin ya sake dawowa. Ta yi ɗanwake da man gyaɗa, wanda ta san Dada ba ta iya ƙyale shi. Dada ta zauna tana jin ƙamshinsa har ya huce, ta tura shi bakin ƙofa, ta kwanta da 'yar furar da Goggo Talatu ta miƙo mata ta kan zana. Wallahi ba yunwar ce ta fi damun ta ba. In ta ji ƙarar akushi Asma'u na ɗauka a hankali don kada a ji, sai ta juya fuska bango.

A kwana na shida Asma'u ta tare Goggo Talatu a tsakar gida, ta durƙusa.

"Goggo, don Allah ko na yi wa Dada wani laifi?"

"Kowa ya san abin da ya ƙulla," in ji Goggo Talatu, ta wuce tana tofa addu'a a kafaɗa.

Asma'u ba yarinya ba ce, ta san abin da ake nufi in uwar miji ta daina cin girkinki. Ta fara sauke kwanoninta daga jere tana wankewa, tana ninke zannuwa tana sa wa a adudu. Dada na hango ta ta tsakanin asabari. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne, duk da haka, kowace safiya sai yarinyar ta ɗebi ruwa ta kai wa dashen lemonta, kamar mai ba su haƙuri.

Kwana goma suka cika. Da hantsi Goggo Talatu ta shigo da lulluɓinta, ta ce a yi sauri kada motar Ƙanƙara ta cika. Dada ta taka turmi ta sauko da ƙwaryar, ta fito da ita tsakar gida don a ɗaure a tsumma. Asma'u na can gefe a bakin murhu, ta sunkuyar da kai.

Sai ga motsi a cikin ƙwarya. Kar-kar-kar.

"A'uzubillahi!" Goggo Talatu ta yi tsalle ɗaya ta kai ƙofar zaure, takalmi guda a baya. "Ya tashi! Ajiye shi! Uwar Gide, ajiye shi in kina son ranki!"

Dada ta dire ƙwaryar a ƙasa. Ta ja da baya. Amma ta gaji. Kwana goma ba tuwo, ba barcin kirki, kuma ta ƙudura a ranta ko mene ne gara ta gan shi a gidanta da a buɗe shi gaban mutanen Ƙanƙara ana kama sunan yarinyar nan. Ta yi bisimilla, ta sa tsinken tsintsiya ta ɗaga faifan, ta kifar da shi.

A jikin faifan, ta ciki, wani ƙaton malam-buɗe-littafi ne maƙale, baƙi mai ɗigon ruwan ƙwai, da wasu idanu ja da shuɗi a gindin fiffike. Ya kusa tafin hannu. Ya buɗe fiffiken a hankali, ya rufe, ya sake buɗewa, kamar mai jin daɗin rana.

Asma'u ta ɗago kai. Kunya da komai ta manta.

"La! Ta bakwai ɗina ce! Dada, ina kika gan ta? Na ɗauka ƙadangare ya cinye ta!"

Sai kuma ta tuna da wa take magana, ta toshe baki, ta durƙushe.

Dada ta laluba cikin ƙwaryar. Ga layar nan, amma ta tsage ta baya, fanko, ba nauyi, kamar ɓawon gyaɗa. Ta murza ta, ta ruguje.

"Talatu," ta ce, "a tambayi yarinyar nan, ta bakwai ɗin me?"

Goggo Talatu ta leƙo daga zaure. "Ai ta ji ki."

Asma'u ta ruga ɗaki ta fito da kwandon, ta yaye gidan sauron, ta turo shi gaban Dada, tana bayani tana kallon ƙasa. Ga ganyen lemo, ga fanko huɗu na waɗanda suka riga suka tashi, ga biyu har yanzu maƙale a jikin kwandon, kowace da zarenta a ƙugu. Dada ta sa yatsa ta shafa guda. Tauri ɗaya, kusurwa ɗaya, zare ɗaya. Abin ya ɗan karkaɗa gindi a ƙarƙashin yatsanta.

Ta zauna daɓas a kan turmi, ta ja numfashi mai tsawo, ta ce alhamdulillahi har sau uku. Ƙwalla ta zubo mata, dariya kuma ta kama ta, har ba a san wanne ya fi yawa ba.

"Tsutsa!" in ji Goggo Talatu, tana neman takalminta. "Ni dama tun farko na ce layar nan ba ta yi kama da ɗinkin baduku ba."

"Kin ce? Ke da kika kai zaure da ƙafa ɗaya?"

"Tsaron gida na je yi. Ke ɗiyar nan, ki yafe mani, bakin tsufa ne. Amma ke ma, duk dabbobin duniya ki rasa abin kiwo sai tsutsa? Ko nono take ba ki?"

"Ba komai, Goggo," in ji Asma'u. Sai yanzu ta gane abin da aka zarge ta da shi, ta sa gefen gyale tana share ido.

Malam-buɗe-littafin ya saki faifai, ya yi sama, ya zagaya tsakar gida, ya bi ta bayan ɗaki inda dashen suke.

Dada ta gyara zama, ta juya fuska wajen zana kamar yadda ta saba.

"Talatu, a gaya wa yarinyar nan ta mai da kwanoninta bisa jere. A kuma gaya mata ruwan alwalata daga yau na lemon nan ne, dashe uku ba za su ishi wannan garken nata ba, in mutumin Ikko zai bi ta Ruwan Godiya ya karɓo ƙari. Sannan a tambaye ta, ɗanwaken nan na ran nan, ko akwai sauran garin?"

Kafin Goggo Talatu ta buɗe baki, Asma'u ta riga ta hura wuta.