Harsasai Hamsin na Ƙarshe na Orval

Kwana uku da binne Orval Brandvold, ɗansa Royce ya je ya buɗe kwaɗon da ke ƙofar ɗakin haɗa harsashi. Shi da hannunsa ya saka kwaɗon nan wata shida da suka wuce. Makullin ya ɗan yi gardama kafin ya juya.

Ɗakin yana bayan rumfar tarakta, ƙarami ne, taga ɗaya. Komai na nan yadda aka bar shi. Injin matsa harsashi na ɗaure a bakin benci, ga ma'auni an rufe shi da tsohuwar hula saboda ƙura, ga kwansunan tagulla a jere cikin katako mai huji, kowanne ya fi ɗan yatsa tsawo. Royce ya tsaya yana jira ko zai ji wani abu a ƙirjinsa. Sanyi kawai ya ji yana shigowa ta ƙasan takalminsa. A maƙabarta ma haka ya yi, mutane na share hawaye, shi kuwa yana kallon laka a takalmin fasto.

A bayansa Delbert Tisdale ya shigo yana jan ƙafa, da filas ɗin kofi a hammata. Maƙwabcinsu ne, shekara arba'in suna hawan tsaunukan Montana farauta shi da Orval.

"Kai, ɗan Orval, matsa mana. Ka tsaya a ƙofa kamar saniyar da ta ga tirela."

"Ga shi can, Kawu," Royce ya ce.

Akwatin roba ne kore, a kan kanta, harsasai hamsin a ciki na babbar bindigar Orval, wadda yake kayar da barewar tsauni da ita daga wancan gefen kwari. A jikin murfin akwai takarda da rubutun tsohon: irin albarushin, nauyinsa, da kwanan wata. Sha huɗu ga Afrilu.

Ranar ke nan da Verna, mahaifiyar Royce, ta leƙo ɗakin ta tarar da gwangwanin albarushi biyu a buɗe a kan benci. Kowa a wannan yanki ya san ba a yin haka. Gwangwani ɗaya ake ajiyewa a gaba, sauran su tafi cikin kabad. Ɗaya na babbar bindiga ne, mai ci a hankali. Ɗayan na ƙaramar bindigar hannu ne, mai ci kamar walƙiya, wanda in ya shiga kwanso mai girman nan, bindigar a fuskar mai harbi za ta tarwatse. Kafin wannan rana Orval ya riga ya ajiye safar hannunsa a firji sau biyu, ya kuma kira Verna da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Verna ta buga wa Royce waya tana kuka. Ya baro aikinsa na tuƙin babbar mota, ya yi tafiyar awa biyar, ya tsaya a hanya ya sayi kwaɗo.

Orval bai yi faɗa ba. Ya tsaya a tsakar gida yana kallo har aka gama ɗaure sukurori, sannan ya ce, "Ni da na koya maka riƙe cokali." Daga ranar, tsakaninsa da ɗansa sai i da a'a. Haka har ya mutu a kujerarsa, da rana tsaka, rediyo na faɗin farashin shanu.

"Ka san ka'ida," Delbert ya ce, yana zuba kofi a murfin filas. "Ba a harba harsashin da wani ya haɗa, balle wanda ba ya nan da za a tambaye shi. Warware su za mu yi, mu zubar da albarushin a ciyawa, shi ke nan. Ba sai an auna ba."

"Zan auna."

"Don me?"

"Ina so in gani."

Delbert ya dube shi ta saman tabarau. "Taurin kan nan dai ba a ƙasa ka tsince shi ba. To miƙo gudumar."

Gudumar roba ce mai rami a ciki. Ana saka harsashi, a ɗaure, a buga ta a kan kututture har kan harsashin ya zame ya faɗo tare da albarushin. Royce ya buga sau huɗu. Ya juye a ƙaramin farantin ma'auni. Ƙwayoyin dogaye ne, baƙaƙe, kamar an kakkarya bakin fensir. Na babbar bindiga ne. Allurar ma'aunin ta yi sama, ta yi ƙasa, ta zo ta tsaya daidai kan layi.

"Ɗaya," in ji Delbert.

Na biyu ma haka, na uku ma haka. Royce ya kama aikin kamar yana sauke kaya a depo. Ya ɗaure, ya buga, ya juye, ya jira allura, ya zuba a tsohon gwangwanin kofi, ya ɗauki na gaba. Delbert na zaune a kan bokiti yana jera kawunan harsasan a kan tsumma.

"Uban nan naka da matsefata yake cire ƙwaya ɗaya in ta yi yawa," ya ce. "Ƙwaya ɗaya! Na ce masa, Orval, barewar ba ta iya lissafi ba. Ya ce, ai kai ma ba ka iya ba, shi ya sa matarka ke sayen nama a kanti. Tsohon banza. Allah ya jiƙansa."

Royce ya buga na sha ɗaya.

"Shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe mu a kwarin Judith, na ga ya harbi wani namijin barewa daga nisan da ni ko ƙahonsa ba na gani. Uban naka ya kwanta, ya lashi yatsa ya ɗaga, ya jira iska ta kwanta. Harbi ɗaya. Sai da muka yi awa biyu a ƙafa kafin mu isa wurin. Duk hanyar yana min dariya wai numfashina kamar tsohon janareta."

Wajen na ashirin da wani abu ne Royce ya gane abin da yake yi. Duk lokacin da ya kwance gudumar, idonsa na neman ƙananan ɓarɓashi masu faɗi, irin na ƙaramar bindiga. So yake ya gan su. Ko a guda ɗaya. In ya samu ɗaya, to kwaɗon nan ya ceci fuskar tsohon, watanni shida na shiru kuma sun yi amfani. Ya lura da wannan buri nasa kamar yadda mutum ke lura da cewa man mota ya yi ƙasa. Ko kunya bai ji ba. Ya ɗauki na gaba.

Talatin. Hannunsa ya fara tsami. Delbert ya daina ba da labari, sai kurɓar kofi da ƙirga. Wata saniya ta yi ta kuka a garke, ta gaji ta yi shiru. A na arba'in da ɗaya allurar ta ɗan yi ƙasa da layi, Royce ya tsaya cak. Delbert ya miƙo hannu ya karɓi gudumar, ya ƙwanƙwasa ta a gefen farantin. Ƙwaya biyu da suka maƙale suka faɗo. Allurar ta hau ta zauna a wurinta.

Na hamsin bai bambanta da na farko ba.

Royce ya ajiye gudumar. Ya goge hannunsa a wando, ko da yake babu abin da ya taɓa shi.

"Akwati ɗaya ne fa," Delbert ya ce a hankali. "Wannan ya yi daidai. Na gaba fa? Wa ya sani? Ni ma da ni ne, da na saka kwaɗon."

"Da ka saka?"

Delbert ya juye sauran kofin a ƙasa.

Suka fita. Royce ya watsa albarushin a kan busasshiyar ciyawar bayan ɗaki, kamar mai yafa iri, ya buga gindin gwangwanin har ya tabbata babu saura.

Verna na tsaye a ƙofar kicin, ta yafa rigar sanyin mijinta. Tun safe take jin bugun gudumar ta taga. Bayanta teburi cike yake da kwanukan abincin da maƙwabta suka kawo na gaisuwa, rabi ko buɗewa ba a yi ba.

"Kun gama?"

"Mun gama, Mama."

"To me kuka samu?" Ba ta dubi Royce ba, hannunsa take kallo. "Ka faɗa min gaskiya. Ni ce na kira ka ranar nan. Ni na sa ka."

Royce ya ji bakinsa yana magana, muryar kuma lafiya lau, kamar yana faɗa wa mai gidan mai lambar famfon da ya sha mai.

"Huɗu a ciki albarushin ƙaramar bindiga ne."

Verna ta dafa ƙyauren. Ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka. "Huɗu," ta ce. "Allah na gode maka. Da shi ke nan, da ko akwatin gawarsa ba za mu iya buɗewa a coci ba." Ta share ido da hannun rigar. "Delbert, haka ne?"

Delbert yana ta fama da murfin filas, wai ya ƙi ɗauruwa. "Ai yaron ya faɗa miki, Verna."

"Ku shigo ku ci wani abu. Maƙwabciyarmu, matar Haugen, ta kawo nama da dankali, zai lalace a banza."

Suka ci. Verna ta ci fiye da yadda ta ci tun ranar rasuwar, har ta ƙara. Royce ya cinye abin da aka zuba masa, bai san ko da gishiri ko babu ba.

Da Delbert ya tashi tafiya, Royce ya raka shi wurin motarsa. Tsohon ya hau da ƙyar, ya ja ƙofa, ya sauke gilashi.

"Huɗu, ko?"

"Huɗu."

"To ka riƙe. Kar gobe ta sake tambaya ka ce biyar."

Ya tayar da motar ya bi hanyar tsakuwa. Royce ya tsaya har ƙarar ta ɓace, sannan ya juya wajen garke, don tun safe ba wanda ya zuba wa shanu ciyawa.