Jar Shinkafar Yaya

Gonar Yaya a tsakiyar fadama take, doguwa siririya, gonakin 'yan ƙungiyar manoma sun saka ta a tsakiya. Kowa ya koma shuka gajeriyar farar shinkafa da kamfani yake saye, ita kaɗai ta ƙi. Irin da mahaifiyarsu ta bari take shukawa: akwai ja doguwa, akwai mai gashi wadda tsuntsu ke shakkar taɓawa, da wata baƙa-baƙa mai ƙamshi. Duk cikinsu babu mai nuna da wuri, sai kowa ya gama girbi.

Shugaban ƙungiyar kuwa ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa Ciyaman yake ce masa, amma ita Auta take kiransa, ko a gaban wa.

Ya same ta a bakin gona tana korar tsuntsaye, bai ko gaishe ta ba.

“Yaya, injin girbi na tafe. Direba ya ce ba zai yi ta zagaye gonarki ba. Ki yanke abin nan ki ba mu hanya.”

“In yanke ta ɗanya? Ka ce masa ya yi fiffike ya tsallake.”

“Bara ma sai da kamfani ya dawo mana da buhuna saboda jar ƙwaya. Daga ina ta fito in ba daga wannan jarabar taki ba?”

“Jarabar ce ta yi maka wannan tumbin, Auta. Da ita aka raine ka.”

Mutanen da ke kusa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ciyaman ya karkaɗe hularsa a cinya, ya juya ya tafi.

Ranar da injin ya zo, Yaya tana asibiti ana duba mata ciwon gwiwa. Da ta dawo da la'asar, sai ta tarar da hanya shimfiɗe a tsakiyar gonarta. Injin ya bi ta kai ya je ya dawo, ya kwantar da shinkafar cikin taɓo, ƙwayar ko tauri ba ta yi ba. Gefe da gefe kawai ya tsira. Direban na zaune a kan taya yana wanke ƙafa.

“Wa ya sa ka?”

“Wallahi Mama, Ciyaman ne ya ce an gama magana da ke.”

Ta hangi ƙanen nata can wajen masu ɗinke buhu. Ta ɗingisa har gabansa, ta ɗauko dunƙulen taɓo da zangarniyar shinkafa a ciki, ta manna masa a gaban riga.

“Ga gadon uwarka nan, riƙe.”

“Ke kika ja,” ya ce, yana ja da baya. “Mutum ɗaya ba zai tsayar da abincin jama'a ba.”

Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta jira ɗan abin da ya rage ya nuna, ta yanke da lauje, ta sussuke kowane iri daban, ta zuba a tsofaffin kwalabe ta toshe da tsumma. Wannan shekarar ko tukunya ɗaya ba ta dafa daga ciki ba.

Da damina ta dawo, Ciyaman ya gama shukarsa tsaf. Da rana tsaka, mutane na kallo, Yaya ta bi iyakar gonarsa da ƙwarya a hannu, tana ɗibar jan iri tana watsawa ciki iya ƙarfinta. Ya taho a guje yana ihu.

“Kin haukace ne? Za ki kashe mini gona!”

“Shuka nake. Kira direbanka ya zo ya tsince.”

Ya fizge ƙwaryar ya buga da ƙasa, sauran irin ya tarwatse cikin gonar tasa. Sai da maza suka rirriƙe shi.

Ƙungiya ta zauna ta kore ta, aka hana ta ruwan famfon ban-ruwa. Ba ta roƙi kowa ba, da ma irin nata da ruwan sama ya saba. A gonar Ciyaman kuwa jar ta fito ta kere farar tsawo. Ya sa aka yi ta cira, amma wadda ta ɓuya ta nuna ta zube a ƙasa, ruwa ya ja ta zuwa gonakin maƙwabta. Da shekara ta zagayo jar ta fito a can ma, kamfani ya ƙi kayan ɓangaren gaba ɗaya. Maƙwabtan suka ce rigimar gidan su Ciyaman ce ta shafe su, suka sauke shi daga shugabanci.

Gwiwar ta ci gaba da cin Yaya har ta daina zuwa gona. Auta bai leƙo ba, ita ma ba ta aika ba. Da ta ga jikin ya ƙi, ta sa 'yarta ta jawo kwalaben daga ƙarƙashin gado, ta nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, wadda ke son ruwa mai zurfi da wadda ke son tudu.

“Duk matar da ta zo nema ki ba ta, ko ba ki san ta ba,” ta ce. “Amma ban da gidan kawunki. In suna so, su je su tsinta a gonarsu.”